Abin da Na Gani a Sahu

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Koci Elnathan ya sake ɗora min aikin da na saba. Ran 20 ga wata muna karawa da 'yan Summerfield, kuma yana son takarda biyu kamar kullum: ta shafin ƙungiya da kowa zai karanta, da ta cikin gida mai nuna wa 'yan wasanmu inda abokan karawa suke da rauni. Tun da gwiwa ta hana ni shiga fili na zama marubucin ƙungiyarmu ta wasan rugbi.

Wasa huɗu, an cinye mu uku. In muka sha kashi a wannan, rugbin bana ya ƙare mana.

Kyaftin ɗinsu Moutari ne. Ƙanin matata.

Laraba, 10 ga Yuli

Na gama ta shafi. Babban kocinsu Kofi, mutumin Ghana, ya buga mana shekara uku. Na rubuta cewa yana da horo, ban rubuta cewa yana ihu kamar ɗan kamasho a tasha ba. Mataimakiyarsa Anissa ita ke sa su zagaye makiyayar dawaki da gudu har su yi amai, shi ya sa ba sa gajiya a ƙarshen wasa. Tsofaffin 'yan wasanmu da ke can uku ne: Kofi, Salifou mai gudu, da Moutari.

A kan Moutari na rubuta "muna alfahari da shi". Ƙarya da rana tsaka.

Ni na ɗauko yaron nan daga filin jirgi ranar da ya iso ƙasar nan daga gida. Wata goma sha ɗaya yana kwana a falona a unguwar Glenwood. Ni na koya masa yadda ake tare mutum da kafaɗa, kai a gefe, don wasanmu ba hular kwano ba komai, jiki ne da jiki. Bara ya tattara ya koma Summerfield, a WhatsApp na gani kamar kowa. Ko sallama bai zo ya yi min ba. A garinmu Maraɗi ko kaza za ka ɗauke daga gidan mutum ai ka yi sallama.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na makara masallaci, na kutsa inda na samu wuri, sai ga ni a hagun Moutari. Liman ya ce a daidaita sahu a haɗa kafaɗu. Da kafaɗata ta taɓa tasa sai ya zabura ya ja numfashi ta haƙora. Warin man zafi ya cika min hanci. Aka yi kabbara, hannun damansa ya kai kunne, na hagu ya tsaya a ƙirji. A sujada ma da hannu ɗaya ya dafa ƙasa.

Raka'a biyu na yi, ban san surar da aka karanta ba.

Bayan sallama ya ce, "Yaya Tahirou, ina wuni," na ce lafiya, na nemi takalmina.

Lahadi, 14 ga Yuli

Matata Chamsiya ta ce Moutari yana gaishe ni. Na ce wayarsa ta lalace ne? Ta ce, "Baban Malika, kai da fushi kamar kunun da ba ya hucewa." Da alama ba ta san zancen kafaɗar ba. Ban gaya mata ba.

Abin da mutum ya gani a salla ba na takarda ba ne. Na sani.

Talata, 16 ga Yuli

Elnathan ya karanta ta cikin gida a bakin fili ya miƙo min. Wai wannan ko jaririya ta sani. Wai ni surukin kyaftin ɗinsu ne, abin da zan kawo ke nan, cewa Kofi yana son kai hari ta tsakiya? Yaran suka yi dariya. Wani ya ce ai Tahirou ɗan leƙen asirin Summerfield ne. Wasa yake yi, amma ya sosa min inda ke ciwo.

Da ɗan gari akan ci gari, shi Elnathan ke nufi ko da bai san karin maganar ba.

A mota, kafin in tayar, na ƙara layi ɗaya na tura wa Elnathan: "Moutari, lamba goma sha uku, kafaɗar hagu. Ba ya iya ɗaga ta."

Na ji daɗi lokacin da na danna. Gara in rubuta gaskiya a nan tunda ba mai karantawa.

Alhamis, 18 ga Yuli

Atisayen yau gaba ɗaya a kan layin nan aka yi shi. An ɗaura wa buhun atisaye jan ƙyalle a hagu, ɗan wasanmu Rauf yana ta afka masa. Rauf ya fi kowa nauyi a ƙungiya, in ya taho da ƙwallo ƙasa har motsi take.

Na ja Elnathan gefe na ce wataƙila na yi kuskure, a bar zancen. Ya dafa ni ya ce wannan ne aiki mafi kyau da na taɓa yi. Magana zarar bunu.

Rauf ya ce da irin maganarsu ta Ghana, "Chale, Malam Tahirou, ina ka samo wannan information?" Na ce a bidiyon wasansu. Ya ce shi ya kalla sau biyu bai gani ba.

Juma'a, 19 ga Yuli

Ban je masallacinmu ba. Na je na hanyar aiki. Na ɗauki waya sau uku in kira Moutari in ce kada ya buga gobe, na ajiye.

Asabar, 20 ga Yuli

Mun ci, 22 da 16.

Zafi kamar a tanda. Tun daga farko duk wanda ya riƙe ƙwallo hagun Moutari yake nufa. Ya tare na farko, ya tare na biyu, na ƙirga har tara. Kowane karo sai ya tashi yana riƙe da gwiwar hannu yana tsara mutanensa. Anissa ta yi ta masa alama ya fito, ya ƙi. Taurin kan gidansu ne, na san shi a wurin yayarsa.

Na goma Rauf ne. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar. Moutari bai yi ihu ba, ƙafafunsa kawai ke shure ciyawa.

Kofi ya tsallako fili ya tsaya gabana, ya dube ni, ya koma.

Yaranmu suka so su ɗaga ni sama. Na ce gwiwata.

Litinin, 22 ga Yuli

Kafaɗar ta goce, jijiya ta tsinke, sai an yi aiki. Likita ya ce wata shida, wataƙila fiye, kuma ba lallai hannun ya koma yadda yake ba. Aikin Moutari ɗaukar kaya ne a wani sito a Wendover. Da wane hannu?

Chamsiya ta wuni tana kuka tana tsine wa Rauf. Na ce wasa ne, haka yake. Ta ce, "Me ya sa duk can gefen suke bi?" Na ce ban lura ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Moutari ya zo gidana da la'asar, hannu a rataye. Na ɗauka rigima ya kawo, har na shirya amsa. Sai ya cire takalmi ya durƙusa a bakin kujerata.

"Yaya, sallamar da ban yi ba na zo yi. Kunya ce ta hana ni bara. Ina kwance na yi ta tunani, na ce wannan haƙƙinka ne ya kama ni. Ka yafe min."

Ya ce ciwon ba wanda ya sani, ko Anissa, ko matarsa. Wai Allah ne kawai ya tona shi.

Na ce na yafe. Ni, wai ni na yafe. Chamsiya tana ƙofar kicin tana share hawayen farin ciki.

Juma'a, 26 ga Yuli

Na gaya wa Elnathan aiki ya yi min yawa, Rauf ya rubuta ta mako mai zuwa. Ba wani dalili.

Na biya na ɗauki Moutari zuwa masallaci, tunda ba ya tuƙi. Hanya ce kawai. Ran Talata ma ni zan kai shi asibiti, ba ni da aiki da safe.

Na tsaya a hagunsa don kada wani ya buge shi. Liman ya ce a haɗa kafaɗu, na bar tazarar yatsa huɗu. Moutari ya matso da kansa har ya jingina da ni.

Ban gaya masa ba. A mota na buɗe baki, sai na tambaye shi ko iskar ta yi masa yawa.