Rimin da ke Tsaye Cikin Ruwa

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina gida? Yaya ƙafar taki, yaya jikoki da mutanen Dogondutsi baki ɗaya? Ni dai da sauƙi, sai tarin nan.

Ɗana Sani ya saya mini fili a wani ƙauye bakin tafkin Kosu. Ya ce hayaƙin motocin unguwarmu ta Roksi ne ke cin ƙirjina, can kuwa iska na da kyau. Makon jiya ya kai ni in gani. Takarda ta ce filin ya kai har gindin wani rimi. Rabi, rimin yana tsaye cikin ruwa, ga jirgin masunta ɗaure a jikinsa! Na tambayi mai gari, ya yi dariya ya ce, "Baba, da rani naka ne, da damina na masunta ne."

Sau uku na karanta takardar nan, ban ga rani ko damina a ciki ba. Da na tambayi inda ake binne Musulmi, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa.

A nan Ajame ba mai leƙo ni sai Juma'a, amma na san waɗanda za su wanke ni. Sani na jiran amsata kafin ya sayi siminti, kuma ba na so in karya masa zuciya.

Ki gaida maigidanki Malam Idi. Ki sa ni a addu'a, ki kuma gaya mini abin da zan ce wa yaron nan.

Yayanki,
Mamman