Ƙorafi Kan Na'urorin Da Aka Ƙone A Pô

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Ƙungiyar 'Yan Goro, Zango, Wagadugu
Daga: Tawfiƙ Usmanu, malamin gona
Kwanan wata: 19 ga Maris, 2007

Game da: ƙone na'urorin auna zafi da ƙazafin da aka yi wa Malam Mani

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa.

Ran 12 ga wata muna Pô, a bakin iyaka, tsakanin Kumasi da gida. A cikin kamiyo, wato babbar motar kaya: huhun goro, tamfol, jarkokin ruwa, da na'urori shida, kowacce kamar akwatin ashana.

1. Ƙungiya ce ta ɗauke ni, bayan dawowata daga karatu a Rabat, in gano dalilin da goronmu ke ruɓewa a hanya. Na'urar tana kwana cikin huhu, tana rubuta zafi da laima da kanta. Ba ta barci, ba ta jin kunyar kowa. Na bayyana haka a taron 2 ga Maris. Alhaji Baƙo, jagoran tafiya, yana layin gaba.

2. Ina ofishin duwan, wato kwastan, yaran Alhaji suka kwance huhu don canza ganye da yayyafa ruwa, yadda aka saba. Suka ga abu yana ƙyafta ido cikin goro. Aka ce sammu ne. Alhaji ya san ko mene ne, ya bar su suka ƙone huɗu.

3. Tun daga nan ake yaɗa cewa Malam Mani, abokin gasar Alhaji, shi ya binne asiri a kayan mutane. An hana shi shiga mangaza, ɗakin ajiyar goro, dillalai sun daina tsayawa a rumfarsa. Bai taɓa ko ganin na'urar ba. Ni na sa su, da hannuna.

4. Biyun da suka tsira na karanta su a kwamfuta. Zafi yana tashi ne daidai lokacin da aka jiƙa goro da tsakar rana aka danne shi da tamfol. Dafa shi ake yi. Wannan tsarin Alhaji ne, kuma ina zaton shi ya sa ya fi son a ce sammu ne.

Don haka ina roƙon mai girma Shugaba ya tara 'yan ƙungiya, a wanke Malam Mani a gaban waɗanda suka ji ƙazafin, a buɗe masa mangaza, a kuma hana yayyafin rana.

Jiya, 18 ga wata, na kai wa Alhaji sakamakon har mangaza. Ya dube ni, ya rufe ƙofa. Shi ke nan. Ba zan ƙara sa na'ura a tafiyar da yake jagoranta ba, kuma goron gidanmu daga yau rumfar Malam Mani zai sauka.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naka cikin ladabi,
Tawfiƙ Usmanu