Nauyina Sau Bakwai

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya masu haihuwa?

Inna, na faɗi gwajin. Kafin a ba mutum tuƙin jirgin saman yaƙi, sai an ɗaure shi a kujera cikin wata na'ura mai juyawa kamar majajjawa. Da ta ɗauki gudu, nauyina ya ninka sau bakwai. Hannun nan nawa na kasa ɗaga shi daga cinyata. Jini ya bar kaina ya gangara ƙafafu, launuka suka dushe, ganina ya tsuke kamar mai leƙe ta bututu, sai duhu. Na farfaɗo ban san inda nake ba. Kuma fa ba wanda ya taɓa ni.

Malaminmu ya ce in ɗaure ciki da cinyoyi, in riƙa sauya numfashi duk sakan uku. Tsoro ya sa na riƙe numfashin gaba ɗaya. Saura dama ɗaya, ranar Laraba. In na sake suma, aikin ofis za a ba ni.

Ki sa ni a addu'a.
Autarki

Auta,

Lafiya lau muke. Sau uku na karanta wasiƙarki. Ashe jinin jikin mutum ma ana iya rinjayarsa yana zaune? Allah mai iko.

Amma ke, shekara talatin ina karɓar haihuwa, ki rasa wadda za ki tambaya yadda ake nishi? Abin da malamin naki ke faɗa, shi nake faɗa wa mata kullum. Mai naƙudar da ta ƙulle numfashi don tsoro ita ke fara galabaita. Ki tokare ƙafa, ki ɗaure mara, ki yunƙura. Ki ƙirga uku, ki fizgi iska, ki koma. Kar ki jira abin ya zo, ki riga shi. Haka na yi ranar da na haife ki, da ƙaton kan nan naki.

Da son raina ne, wallahi da ofis ɗin kika zauna. Amma na san halinki.

Allah ya tsare min ke.
Innarki

Inna,

Ina gaisuwa. Na ci gwajin. Duhun ya zo har bakin idona ya tsaya, muryarki na ƙirga min uku-uku.

Bayan nan suka nuna min bidiyon da aka ɗauke ni a cikin na'urar. Nauyin ya janyo kumatuna ƙasa, idanuna suka zurma, na tsufa shekara talatin a zaune. Fuskarki ce sak, Inna. Na roƙe su suka tsayar da hoton, na daɗe ina kallonki.

Ki huta lafiya.
Autarki