Ƙullin Baba a Wayar Fanka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Legas? Inna lafiya lau.

Motar marigayi Baba ta tsorata ni ranar Laraba. Na tsaya sallar azahar kusa da maƙabartar Birnin Tsaba inda yake kwance, makulli na aljihuna, sai fankar lagireto ta tashi da kanta, wayarta na hayaƙi.

Mai gyara a Ƙaura ya ce siririyar waya ce ta narke, kuma babu fis da zai katse wutar. Ya sa mai kauri. Da ya warware tef ɗin da ke naɗe da tsohuwar wayar, sai ga ƙullin Baba, irin wanda yake yi wa igiyar awaki. Na adana shi. Yau kwana uku, in na taɓa, ɗumi nake ji.

Ka gaida yara. Don Allah ka yi wa Baba addu'a.

Ƙanenka,
Bello