Harsashin da Ba a Ƙirga Ba

Talata, 24 Janairu 2023

Wayar nan nake gaya wa, tunda ban yi lakwal ba balle in rubuta. In na gaya wa Inna can Damagaram jininta zai hau. Baban Houda kuma ya ce a bar maganar. To in bar ta ina?

Jiya bayan la'asar harsashi ya shigo ɗakin yara. Ta bango. Bangon da ya raba mu da Mista Lemuel, dattijon nan maƙwabcinmu mai gyaran injin sanyi. Houda ta yi barcin rana ta jiƙa katifa, na tashe ta, har na ɗan make ta, na ce shekara huɗu kina fitsarin kwance. Muna banɗaki ina wanke ta na ji kamar an buga ƙofar mota da ƙarfi. Da na dawo, garin bango ne a kan matashinta. Na auna. Taƙi ɗaya sama da inda kanta yake. Ya wuce ya shige akwatin zannuwana.

Da ba ta yi fitsarin ba.

Bari dai.

Laraba, 25 Janairu

Ban faɗi sauran ba jiya, jaririna Faïçal ya tashi da kuka.

A ranar Mista Lemuel ya zo, hula a hannu. Wai bindigarsa yake gogewa, ya zaci babu komi a ciki. Har takardar izininsa ya kawo yana nunawa, kamar takarda ce ta huda bangon. Baban Houda ya dawo daga sito, ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa. Ya ce tsautsayi ne, Allah ya tsare, ya yafe. Suka yi hannu. Ni ina bakin kicin da goyo. Ba wanda ya dubi inda nake.

Bayan ya fita na ce ba za a kira polis ba? Ya ce a garinmu wa ya taɓa kai maƙwabci kwamisariya bayan ya zo da hula a hannu? An yafe, an rufe. Kuma mu baƙi ne, takardunmu ba su gama fitowa ba, ba ma son sunanmu a gaban hukuma ko da alheri ne.

Gaskiya ya faɗa. Ina jin gaskiya ce.

Asabar, 28 Janairu

Baban Houda ya toshe ramin, ya shafa fenti. Mista Lemuel ne ma ya ara masa kayan aikin. Fentin ya fi bangon fari, daga ƙofa ina hango shi.

Na jawo katifar yara falo. Na buɗe akwatin, na warware shuɗin zanen nan da Inna ta ba ni. A ninke yake, shi ya sa. Huda takwas, a jere, kamar an yi da gangan. Harsashin na ƙasa cikin ɗankwali. Na mayar na rufe.

Talata, 7 Fabrairu

Houda ta ce yaushe za ta koma ɗakinta. Na ce in an share.

Asabar, 11 Fabrairu

Yau na yi kitso awa shida, bayana kamar zai ɓalle. Wata 'yar Jos ce, Kirista, tana karatu a jami'a, Hausa a bakinta kamar ruwa. Scholastica sunanta, harshena ya kasa, na ce mata Anti Sikola, ta ce an sha kiranta abin da ya fi wannan muni.

Ta ɗora kwamfuta a cinya tana aiki, ni ina tsaye a kanta, dole in gani. Taswirar garin nan ce, an zuba mata jajayen ɗigo kamar ƙyanda. Na tambaya. Ta ce kowane ɗigo gida ne da harsashi ya shiga da mutane a ciki. Na ce wa ya gaya mata? Ta ce ba kowa, rahoton polis ne da takardun kotu, kowa na iya zuwa ya nema a ba shi. Shekara biyu tana tarawa ɗaya bayan ɗaya. Wai a Raleigh, babban birnin jihar nan, ana jayayya kan takardar da mutum ke karɓa wajen sherif, wato babban polis na yanki, kafin ya sayi ƙaramar bindiga. Wasu a cire, wasu a bari. Kowa da bakinsa yake magana, ita tana so a duba ƙidaya.

Na ce ina gidanmu a nan? Ta ja da yatsa, ga titin Gate City, ga shagon da muke sayen naman akuya, ga layinmu a baya. Fari tas. Ta ce ku kam kun dace, ko ɗigo ɗaya babu.

Ban san na ja gashin ba sai da ta ce, "Maman Houda, har fatar kan za ki kitsa?"

Can na ce, to in harsashi ya shiga gida ba a kira polis ba fa? Ko juyowa ba ta yi ba.

"To a wurina bai faru ba."

Litinin, 13 Fabrairu

Kowa na iya zuwa ya nema a ba shi. Wannan ce ta tsaya min. Ashe in ka kai kuka, kukan ba naka ba ne kuma, na gari ne. Wanda bai san ka ba ya zauna ya karanta abin da ya faru a ɗakin 'ya'yanka. A gida ko kaza aka sace maka ba ka so layi ya ji.

Amma kuma bai faru ba. Haka ta ce.

Alhamis, 2 Maris

Mista Lemuel ya kawo wa Houda 'yar tsana. Na karɓa na yi godiya. Mutumin kirki ne, wallahi, da sanyi ya yi tsanani shi ya gyara mana hita bai ce komi ba.

Da la'asar na ji ƙas, ƙas, ƙarar ƙarfe ta bango. Mai gyaran inji ne, ƙarfe kuwa cike da ɗakinsa, zai iya zama komi. Na kwashi yara muka sauka ɗakin wanki muka zauna kan benci, babu ko tsumma a hannuna. Wata mata ta yi ta kallonmu. Sai da na ga motar Baban Houda muka hau.

Karo na huɗu ke nan. Na gaji da bencin nan.

Asabar, 11 Maris

Anti Sikola ta dawo gyaran gaban kitso. Ban shirya faɗa ba. Na dai ajiye tsinke na je na ɗauko zanen na shimfiɗa a gabanta. Ta sa yatsa a huda ta farko, ta dube ni, ta rufe kwamfutar.

Na ba ta labari duka. Da na ce mutumin yana da takardarsa ta izini, ta yi wata dariya mara daɗi, ta ce wannan ba zai taimaki maganarta ba, masu cewa takardar ba ta da amfani ma sai su yi murna. Na ce to ai shi ke nan, a bar shi. Ta ce a'a, ita ba zaɓa take ba, ƙirgawa take. Wanda ya yi mata daɗi da wanda bai yi ba duk ɗigo ne.

Na ce to ta sa namu mana, ga shi ta gani da idonta. Ta ce ba ta da iko. In ta sa abin da ta ji a baki, gobe a ce duk sauran ma ƙirƙira ta yi. Sai an rubuta a can. Kuma kwanan nan za ta kai aikin inda ake jayayyar.

Na ce maigida ya yafe. Ta ce na fi ta sanin gidana. Ba ta ƙara ba. Da ta matsa min da na ji sauƙi, sai in yi fushi da ita in huta.

Alhamis, 30 Maris

Azumi takwas. An cire dokar takardar bindigar jiya. Anti Sikola ta turo saƙon murya, muryar kamar ta marar lafiya. Wai aikin shekara biyu, minti biyu aka ba ta ta yi magana.

Na gaya wa Baban Houda. Ya ce kin gani? Da yanzu mun tona kanmu a banza.

Ƙafafuna ciwo suke.

Lahadi, 2 Afrilu

Muna shirin buɗa baki na aiki Houda ta ɗauko min zanen goyo a ɗakinsu. Ta tsaya a ƙofa ta ƙi shiga. Na daka mata tsawa. Sai ta ce da turancinta wai bangon nan yana ihu, kuma ita ce ta sa, don ta yi fitsari.

Wata biyu da kwanaki yarinya na ɗauke da wannan. Ni ina cewa ba ta san komi ba. Ba wanda ya ce mata wani abu ya faru, ai an shafa fenti, sai ta nemo wa kanta dalili.

Na bari Baban Houda ya sha kunu ya ci dabino. Sai na ce zan je a rubuta. Ya ajiye kofi, ya ce so nake a ce shi mai magana biyu ne? Kuma dokar ma an cire, don wa zan je?

Na ce, "Baban Houda, maganarka tana nan, ba na taɓa ta. Kai ka yafe. Ni ba a tambaye ni ba."

Ya daɗe yana kallon ɗiyarsa. Ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci. Bai ce je ki ba. Bai ce kar ki je ba.

Talata, 4 Afrilu

Na fara ƙwanƙwasa wa Mista Lemuel. Ba zan bi ta bayan maƙwabci ba, wannan kam ko ni na sani. Turancina bai kai ba, na ɗaga zanen na ce polis, yau, sori. Ya dubi hudojin. Bai taɓa ganinsu ba ashe, ramin bango kawai ya sani. Ya ce oke. Ya sake cewa oke. Ya rufe ƙofa a hankali.

Na bar Houda wajen Anti Rahina ta ƙasanmu, na goya Faïçal na hau bas. Sau biyu na yi niyyar sauka. Anti Sikola na jirana a bakin ofishin, ita ta yi tafinta. Matar da ta karɓe mu ta ƙirga hudojin, ta sake ƙirgawa, ta sa harsashin a leda. Ta ce me ya sa sai bayan mako goma? Na ce wa Anti Sikola ta ce mata ni ma ban sani ba. Ba ta tambayi takardunmu ba. Ni dai ba ta tambaye ni ba. Ta ba ni ɗan kati da lamba.

Muka fito. Na zauna a kan dakalin waje da azumi a bakina, rana kuwa tsaka.

Asabar, 22 Afrilu

Jiya sallah. Polis sun zo tun makon farko, sun duba bangon, sun shiga wajen Mista Lemuel. Ban san me za a yi masa ba. Ba na son a yi masa komi, kuma ba na son a ce ba a yi komi ba. Ya daina gaishe ni. In mun haɗu a matakala sai ya tsaya duba wayarsa.

Baban Houda yana cin tuwona amma da kwano yake hira. Jiya shi da kansa ya kai wa mutumin abincin sallah. Yau na tarar da kwanon a bakin ƙofa, a wanke.

Na zaunar da Houda na gaya mata ba ita ba ce, wani ne ya yi kuskure da bindiga, kuma na je na faɗa an rubuta. Ta ce a ina? Na nuna mata katin. Ta ce ta riƙe? Na ce a'a.

Anti Sikola ta turo hoto. Layinmu da ɗigo ɗaya, bai fi ƙwayar gero ba. Duk wannan wahalar. Dokar ba ta dawo ba, katifa na falo har yanzu.

Asabar, 13 Mayu

Kitso biyu yau, yatsuna sun sage. Ta biyun Hindou ce, 'yar Tahoua. Cikin hira take ce min watan jiya harsashi ya fasa tagar kicin ɗin yayarta, ya shige firiji. Sun liƙa kwali, sun ce wa mai gidan da suke haya ƙwallon yara ne. Ta ce ai rufin asiri ya fi, Allah ya riga ya tsare.

Na ce haka ne. Na ci gaba da tsaga.

Ni ba ruwana da gidan mutane, nawa ma ya ishe ni. Kuma ba abin da ya canza, na faɗa na sake faɗa. Ban san dai yadda aka yi ba, na kai wajen ƙeya sai na ji bakina ya ce sun sa an rubuta? Ta ce wa zai je, yayarta ko sunan titinsu ba ta iya faɗa ba.

Na ce Talata ba ni da kitso. Bas ɗaya ne, kuma na san inda ake sauka.