Fitilar da Za Ki Zo da Ita

Assalamu alaikum, jikata Sabzina.

Yau Laraba, tara ga watan Satumba. Na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi, sai dai ƙafafu da suka kumbura, da tarin nan da ba ya barina in kwanta ta gefen hagu. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Farrukh. Allah Ya tsare ku daga sanyin Mosko, Ya sa albarka a aikinku. Nan an gama girbin alkama, ana shanya tuffa a kan rufin ɗakuna. Gwaggonki Odinamo tana kawo mini burodi duk bayan kwana biyu. In ba ita ba, ba mai tura ƙofar nan sai iska.

Na karanta takardarki sau uku. Kin ce za ki zo watan gobe ki ɗauki hoton kwarinmu da dare, kina tambaya wace fitila za ki saya, har kin ga wata da aka ce haskenta yana kai kilomita guda. Na ji daɗi da kika tuna kakanki, Bobonki kamar yadda kike kirana, ya yi shekara ashirin da shida yana bin masu auna ƙasa da kyamara a wuya. To ga abin da na sani. Babu fitilar da za ta haska dutsen da ke bayan gidanmu, wannan aikin farin wata ne, ki jira ya kwana biyar ko shida. Fitila ta abin da ke kusa ce: katangar gona, itatuwan bakin rafi, gadar katako. Ki nemi wadda ake iya rage mata ƙarfi, mai haske ja-ja irin na fitilar kananzir, domin fari fat ɗin nan yana mai da duwatsunmu kamar tulin gishiri. Ki kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ki bar idonta a buɗe, ki koma gefe ki riƙa shafa hasken a hankali kamar mai yaɓen ɗaki. Batir kuwa ki sa shi cikin riga, jikin fatarki, sanyinmu yana shanye shi tun ba a fara ba.

Amma akwai abin da ba ki sani ba, don kin bar nan kina ’yar shekara bakwai. Tun kafin a haife ni, idan makiyayan da ke sama kusa da tafki suka ga ruwa zai ɓalle, wuta suke kaɗawa a gefen dutse, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya hau tudu. Bara wani baƙo ya zo da irin fitilar da kike so, bai gaya wa kowa ba, ya hau can ya yi ta kaɗa ta. Ƙauye ya watse. An goyo tsohuwa Gulbegim ba ko takalmi, tana zagin jikanta wai ɗan banza ya bar mata haƙoranta na roba a kofi. Ni maƙwabcina Shirinbek ne ya saɓa ni, yana haki yana cewa tsoho ƙashi zalla amma nauyin jaki; na ce masa in ya gaji ya ajiye ni, ruwan zai fi shi iya ɗauka. Mun yi dariya da gari ya waye. Sai dai Gulbegim ba ta ƙara lafiya ba tun sanyin daren nan, ta rasu kafin bazara. Daga nan dattawa suka yanke ba mai sake kunna babbar fitila a kwarin nan, baƙo ko ɗan gida. Tsoronsu shi ne in ido ya saba da haske a dutse, ranar da na gaskiya ya zo ba wanda zai gudu. Ban ga laifinsu ba.

Na aika wa Nazarsho, shugaban ƙauye, ina roƙon a ba ki dare ɗaya, a bi gida-gida a sanar tun da rana, ke kuma ki tsaya ƙasa bakin rafi, kada haskenki ya taɓa dutse. Gulbegim mahaifiyarsa ce, shi ya sa roƙon ya yi mini nauyi a baki. Ya aiko cewa zai zo yau bayan azahar mu yi magana. Ba zan ɓoye miki ba, na san hoton ne zai kawo ki, kuma ban ji haushi ba, ni ma haka nake da ƙuruciya. Abin da nake tsoro kada ki ji an hana, ki ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Likita bai ce mini komai a kan baɗi ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Ki gaishe da Farrukh, da kawunki Mamadyor in yana ɗaga waya, da ƙanwarki Nigina. Odinamo tana gaishe ki, ta ce ki zo da safa mai kauri.

Kakanki,
Davlatsho

Na bar takardar a buɗe don in rubuta miki amsarsa, amma mai motar da zai tafi da ita zai wuce da asuba, dole in rufe. Ki sayi tikitinki, kada ki jira. Na ɗumama shayin da na dafa masa sau biyu, an shigo da awaki, rana ta faɗa bayan dutse. Nazarsho bai zo ba.