Littafin Baba da Kwalaben Firiza

Kisumu, 9 ga Mayu

Zuwa ga Yayana Okumu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya sa sanyin Kanada bai takura muku ba. Mu nan lafiya lau. Mama ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma jayayya da masu kifi a bakin tafki.

Yaya, ka tuna ranakun Asabar da Baba ke jan mu zuwa ɗakin bincikensa, ya zaunar da mu da rake, shi kuma yana ta fama da 'yan zobban nan na ƙwayar gado da yake kira filasmid? Yakan ce kamar keke suke, ka kwance wani sashe ka ɗaura wani, ka sa wa bakteriya, in umarnin da ke ciki ya yi aiki sai ta yi kore. Kai kuma ka ce masa duk garin nan shi kaɗai ke kiwon dabbar da ba a yankawa. Ranar dariya har da hawaye.

To, sabon shugabanmu a ɗakin binciken nan na Baba inda nake aiki yanzu, Farfesa Wanjala, ya ce a kwashe kayan cikin tsohuwar firizar wurin a zubar kafin ƙarshen wata. Ina buɗewa na ga kwalabe goma sha biyu da rubutun Baba, mai karkatar nan. Na roƙi arziki, ya ce ni da ba na iya zubar da guntun tuwon ugali, ina zan iya zubar da kayan ubana, amma ya ba ni mako biyu. Na ɗebo bakteriyar da ke cikinsu na shuka a faranti don in ga ko za su rayu. Shekara ashirin a ƙanƙara, Yaya, sai ga tara sun farfaɗo, uku daga cikinsu sun yi kore shar. Na zauna na yi kuka na ƙoshi.

Matsalar ita ce lambobi kawai ke jikinsu, bayanin yana cikin jan littafin da ka ɗauka ranar jana'iza. Na san shi kaɗai ka riƙe na Baba, amma abin da aka ɓoye ba ya haihuwa. Ɗalibaina huɗu suna jiransa. Aiko min ko da hoton shafukan ne, in ba za ka iya rabuwa da shi ba.

Gai da uwargidanka Anti Nekesa da yaranku, Odera da ƙaramarsu Awiti. Mama ta ce a faɗa maka in ka yi rowa, ita za ta zo ta karɓa da kanta.

Ƙanwarka,
Akoth